Albam Biyu na Bikin Bana: Abin da Mai Hoto Ya Gani da Abin da Ya Bari



Na san wani zai ce me ya haɗa Liman da maganar hoto. To, ɗaurin aure ne ya haɗa mu. Na fi shekara 15 ina zama a sahun gaba in ana ɗaura aure a masallacin layinmu, ranar da babban liman ba ya nan kuma ni nake jan addu'a. A duk zaman nan akwai mutum ɗaya da ba ya fashi, shi ne mai rataye da kyamara. Na ga wanda ya tsallake ƙafafun dattawa kamar yana tsallake kwata. Na ga wanda ya dalle mini ido da fitila ina tsakiyar fatiha. Na kuma ga wanda har aka shafa aka watse ban san yana wurin ba, sai daga baya aka nuna mini aikinsa na riƙe baki. Ban da wannan, sana'ata sayar da shadda da yadi ce, ina tsakanin Gbagi da Kantin Kwari tun ina saurayi, don haka in ana zancen launi da zare, ina da ɗan abin cewa.

Ba maganar halacci na zo yi ba. Malamai sun daɗe da saɓani a kanta. Shehu Muhammad Bakhit, wanda ya yi muftin Masar, ya rubuta risala yana ganin hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, kamar yadda madubi yake nuna mutum. Wasu malaman kuma ba su yarda ba sai da lalura, irin hoton fasfo da katin shaida. Wanda ya bi masu hanawa ya huta, kuɗinsa ma ya tsira. Ni da masu kiran mai hoto nake magana, kuma in za mu faɗi gaskiya su ne suka fi yawa a unguwar nan.

Albam biyu ne a gabana, duka na bikin bana. Ɗaya na 'yar yayana ne, ɗayan na 'yar maƙwabcina mai goro. Na nemi izinin gidajen biyu kafin in ɗauki biro, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, har masu hoton.

Albam na farko

Wannan in ka ɗauka sai ka sa hannu biyu. A cikin akwati ya zo, an shimfiɗa masa ƙyalle mai laushi, bangonsa gilashi, kowane shafi kauri gare shi kamar allo. Abokan ango ne suka nemo mai hoton, sun ce shi ake yayi. Kuɗin da aka ba shi ya fi sadakin yarinyar, wannan kuwa da idona na gani.

Bari in ba shi haƙƙinsa tukuna. Yaron ya san na'urarsa. Hotunansa tar suke, ba gizo, ba karkata. Akwai wani da ya ɗauki hannuwan amarya da lalle, ta ɗora su kan gwiwa, haske ya shigo ta taga daga gefe, har kana iya bin zanen kunshin layi-layi. Wannan hoton ko a ina aka kai shi ba zai ji kunya ba. Hotunan dina ma, duk da fitilun zauren masu canza launi, ya iya riƙe su, fuskoki ba su koma kore ko shuɗi ba. Wanda ya taɓa gwada ɗaukar hoto da waya a irin wannan wuri ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai na zauna na ƙirga, halin ɗan kasuwa. Shafi 40 ne. A ciki 26 amarya ce, ko ita kaɗai ko da ango. Dina ta ci 9, kamu 3. Ɗaurin aure, wato abin da ya tara mu, abin da in babu shi babu biki, shafi 2 kacal.

Su ma shafi 26 ɗin, wa ke ciki? 'Yar yayana baƙa ce, irin baƙin gidanmu, kuma tana da ɗan tabo a goshi tun faɗuwar da ta yi tana rarrafe. A albam ɗin nan ta koma kamar Balarabiya, tabon ya ɓace, hancin ya ƙara tsawo, fatar ta yi sumul kamar ta 'yar tsana. Da aka kai wa kakarta ta wajen uwa, ta duba ta duba, ta ce, "Wannan 'yar wa ce?" Muka yi dariya, mun ɗauka wasan kaka da jika ne. Ashe da gaske take yi. Da aka ce mata ai jikarki ce, sai ta tura albam ɗin gefe ta ce, "Ku kawo mini tawa."

Tsohuwar nan ta gama sharhin, ni ƙari kawai nake yi. Gyaran hoto a kwamfuta ba laifi ba ne in an tsaya inda ya kamata: a cire ƙurjin da ya fito ranar, a rage ƙyallin gumi, a daidaita haske. Amma a yi wa yarinya bilicin da na'ura, to an gaya mata cewa yadda Allah Ya yi ta bai isa shiga albam ba. Kuma ƙannenta mata suna kallo. Gobe in ka ga sun fara shafe-shafe, kada ka tambayi inda suka koya. Nan da shekara 20 ɗanta zai buɗe albam ɗin yana neman uwarsa, ya tarar da wata baƙuwa.

Sai maganar rigar ango, nan kuwa abin ya taɓa ni a sana'ata. Ni na sayar da farar shaddar, aka kai ta Zariya aka yi mata aikin hannu, aska takwas, makonni ana yi. A duk hotunan da aka ɗauka a waje, rigar fari ce fat kamar takarda, ko zare ɗaya na aikin ba ka gani. Na tambayi wani tsohon mai hoto dalili, ya yi mini bayanin da na gane. Kyamara ba ta kai idon mutum iya haɗa haske da duhu a lokaci ɗaya ba. In baƙin mutum ya sa farar riga ya tsaya a rana, in ka buɗe wa fuska haske sai riga ta ƙone, in ka rage don riga sai fuska ta yi duhu. Ƙwararre yakan ja mutum zuwa inuwa, ko ya saita na'urar don rigar ta fito sannan ya ƙara wa fuska haske da 'yar fitila. Yaron nan bai yi ko ɗaya ba. Ya saba da zaure mai fitilu da amare masu leshi, bai saba da bikinmu ba, inda rabin maza fari suke sawa kuma ana ɗaura aure rana tana tsaka.

Yanzu ga shafi biyun ɗaurin aure. Na farko an ɗauke shi daga sama da ɗan jirgin nan marar matuƙi. Me ake gani? Huluna, da rumfa, da jajayen kwanukan Badun masu tsatsa. Ya yi kyau, amma ko ni da nake wurin ban iya nuna kaina ba. Na biyu ango ne da abokansa, sun sa wani babban baƙo a tsakiya. Shi ke nan. Babu waliyyi, babu wakilin ango, babu lokacin da aka miƙa sadaki shaidu suna gani, babu hannuwa a sama ana fatiha.

Waliyyin nan kuwa Baffanmu ne, ƙanen mahaifinmu, shi kaɗai ya rage mana a tsaransu. Ya haura 80. Mun ce ya wakilta, ya ƙi, ya ce jikar yayansa ba za a ba da ita yana kwance a ƙauye ba. Ya kwana a mota daga ƙasar Kano ya zo, ƙafafunsa a kumbure. Shi ya ba da auren da bakinsa. Wata huɗu bayan biki Allah Ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai matar yayana ta ce mini, "Malam, a kira mai hoton nan mana, ko da akwai na Baffa a cikin waɗanda bai wanke ba." Na kira shi da kaina. Ya yi mini ta'aziyya da ladabi, sannan ya ce, "Wallahi Baba na goge katin, aiki ya yi yawa, kuma ba a ce in ajiye ba." Gaskiya ya faɗa, ba a ce ba. Abin da muka samu a ƙarshe hoto ɗaya ne daga wayar wani yaro, ya bi ta WhatsApp hannu uku, rabin fuskar Baffa, kafaɗar wani ta rufe sauran. In ka ce za ka girmama shi sai ya farfashe.

Akwai na ƙarshe, shi ya fi ɓata wa yayana rai. Hotunan kamu, da aka ɗauka a cikin gida mata suna sake, wasu ba mayafi, sai ga su a Instagram, mai hoton yana tallar aikinsa da su. Har da matan aure. Da aka yi masa magana ya sauke, amma abin da ya kwana uku a intanet wa ya san inda ya kai? Ya ce haka kowa yake yi. Wataƙila haka ne. Mu dai ba mu yi wannan cinikin da shi ba.

Albam na biyu

Na maƙwabcina ba shi da akwati. Bango ne na fata ta roba, shafukansa ba kauri. Wanda ya yi shi yaron unguwar nan ne, ya yi shekara uku yana koyo a hannun wani Bayerabe mai situdiyo a Mokola. Kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba.

Abin da maƙwabcina ya gaya mini shi ne, saura kwana biyu biki yaron ya zo da ɗan littafi, ya durƙusa gaban uwar biki ya ce, "Inna, a gaya mini su wa da wa za su zo, kuma su wa ne ba a so in rasa." Ya rubuta. Ya je ya duba inda za a kafa rumfa, ya roƙi a sa fara a wajen dattawa, domin jar rumfa ko shuɗiya in rana ta bugo ta sai ta zuba launinta a fuskar mutane. Ya kuma zo da ƙanwarsa da ƙaramar kyamara, ita ta shiga cikin gida wajen mata, shi bai wuce zaure ba.

In ka buɗe albam ɗin sai ka ga bikin yana tafiya kamar yadda ya tafi. Ga mata sun ɗora manyan tukwane tun da asuba, hayaƙi yana tashi. Ga tiren goro da alewa. Ga hannun wakilin ango yana miƙa sadaki, hannun waliyyi yana karɓa, fuskokin shaidu uku a baya duk idonsu a kan kuɗin. Ga shafi guda cike da tafukan hannu a sama, na talaka da na mai kuɗi, ba ka bambancewa. Ni ma ina ciki, bakina a buɗe ina addu'a, kuma wallahi ban san lokacin da ya ɗauka ba. Ga maroƙi ya daga murya jijiyar wuyansa ta fito. Ga wata tsohuwar Bayerabiya, maƙwabciyar shagon uban amarya shekara da shekaru, ta ɗaura ashoke ta zauna cikin gwaggwanni tana dariya. Wanda ya san zaman Sabo ya san wannan hoton gaskiya ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kai amarya. Mota ta tsaya a bakin layi, mata sun kewaye ta. Yaron bai bi motar ba. Ya juya ya ɗauki uban amarya daga nesa, yana tsaye a ƙofar zaure shi kaɗai, ya juya baya rabi, yana gyara hular da ba ta karkace ba. Duk uban da ya taɓa aurar da 'ya ya san abin da hannun nan yake yi. Bai matsa kusa ya tona masa asiri ba, bai kuma bar abin ya wuce ba.

Kuma amaryar ita ce. Kwalliya ta yi, amma in ka haɗu da ita a Oke Ado gobe za ka gane ta. Rigunan maza farare sun fito da aikinsu, har ina iya gaya maka wacce ce shadda mai tsada wacce ce mai sauƙi.

Sai dai kada a ce na zo tallar ɗan unguwa, shi ma yana da nasa. Da rana ta faɗi aikinsa ya faɗi. Hotunan dare fitilar kyamara ce kawai yake harbawa kai tsaye, sai goshi ya yi ƙyalli, baƙar inuwa ta tsaya a bango bayan mutum kamar wani ya laɓe. Wasu sun yi rawaya saboda ƙwan janareta. A nan na farkon ya fi shi nesa ba kusa ba. Hotunan taron dangi ya jera mutane kamar 'yan makaranta a asambuli, a guda biyu ma ya yanke ƙafafun na gefe. Bai iya zubarwa ba: abokan ango tsayuwa ɗaya sau biyar, duk ya sa. Ya cika gefen shafuka da furanni da zukata da rubutun Turanci, ɗaya ma da kuskuren harafi. Ya yi alkawarin mako uku, sai da aka yi bakwai. Kuma akwai hoto ɗaya da ƙanwarsa ta ɗauka, amarya tana kuka mayafi ya zame. Hoto ne mai kyau, amma nata ne da mijinta, bai kamata ya shiga albam ɗin da za a miƙa wa kowane baƙo a falo ba. Na gaya wa maƙwabcina, ya sa an cire.

Hukuncina

In gwanintar na'ura ake aunawa, na farko ya ci. In aikin da aka kira mutum ya yi ake aunawa, na biyu ya ci, kuma da rata. Na farko ya zo da hotunan da yake so a kansa tun daga gida, ya zuba 'yarmu a ciki. In ka cire fuskarta ka sa ta wata amaryar Legas ko Abuja, ba abin da zai canza. Na biyu ya zo ya tambaya, ya kalla, ya jira. Albam ɗinsa ba zai yi wa wani gida amfani ba sai gidan da aka yi shi dominsa, kuma wannan shi ne yabon da ya fi.

Ba sabon abu ba ne wannan. Garin nan da muke zaune ya yaye ɗaya daga cikin manyan masu hoton ƙasar nan, J.D. 'Okhai Ojeikere. A 1954 ya fara aiki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a nan Badun. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan 1,000, da yawa daga baya ya ɗauke su, ko fuska ba a gani. Ya rasu a 2014, kuma har yau ana rataye hotunan nan a manyan gidajen nuni na Turai da Amurka. Baƙi da fari ne, ba ado, ba ƙari. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya ga daraja a abin da kowa yake wucewa, ya ɗauke shi yadda yake.

Ni kaina da na yi aure a 1996, fim biyu aka saya, kowane mai 36. Hoto 72 ke nan, biki gaba ɗaya. Mai hoton ba ya danna yatsa sai ya tabbata, domin kowace dannawa kuɗi ce. Yau yaro zai ɗauki dubu a yini ɗaya ya rasa waliyyi. A cikin 72 ɗin nan nawa akwai mahaifina, akwai Baffa yana da sauran baƙin gemu. Shi muka koma muka ciro.

Kafin ka ba da kafin alƙalami

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da na koya, da tsada na koye shi.

Kada ka yarda da hotuna goman da zai nuna maka a waya. Ko ɗan koyo in ya yi biki 50 zai samu goma masu kyau. Ka ce ya kawo albam ɗaya cikakke, daga farko har ƙarshe, kuma na bikin Hausawa. Ka duba abu huɗu: farar riga a rana, fuskar baƙin mutum, hoton dare, da ko dattawa suna ciki. In duk amaren da ya nuna maka farare ne, launi ɗaya, hanci ɗaya, to ka san abin da zai yi wa taka.

Ka tambaye shi wa zai zo. Da yawa maigidan ne yake ciniki, ranar biki sai ya turo yaro domin ya karɓi aiki uku a Asabar ɗaya. Ka tambaye shi kyamara nawa gare shi, in ɗaya ta tsaya fa? Batir nawa? Akwai kyamarori masu cin kati biyu, suna rubuta kowane hoto a wuri biyu lokaci ɗaya, in kati ɗaya ya lalace ɗayan yana nan. Ba dole ne kowa ya mallaki irinta ba, amma wanda ka yi wa tambayar ya kalle ka kamar ka yi Larabci, ka yi hattara.

Ka ba shi takarda da sunayen waɗanda ba a so a rasa, ka kuma haɗa shi da yaro ɗaya na gida wanda ya san dangi, ya riƙa nuna masa. Tsofaffi a fara da su, da wuri, kafin su gaji su tafi. Mai hoto ba boka ba ne, bai san wanda ya kwana a mota ba.

Ka gaya masa iyakarsa. Cikin masallaci ba takalmi, ba tsallake mutane, ba fitila a fuskar mai addu'a. Cikin gida mace ce za ta shiga. In ba shi da mace a tare da shi, a nemo. Kuma a faɗa da baki, a rubuta: ba a sa hoton kowa a intanet sai da izinin gidan.

Maganar rubutu kuwa, ba boko ne ya kawo ta ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ijara ya san ba a ɗaukar mutum aiki sai an san aikin an san ladan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To cikon kuɗin da za ka biya bashi ne a kanka, albam ɗin da zai kawo bashi ne a kansa. A rubuta ranakun da zai zo, kamu ne da ɗaurin aure da kai amarya ko har da dina. A rubuta shafi nawa, yaushe zai kawo, nawa aka ba shi, nawa ya rage. A rubuta cewa duk hotunan da ya ɗauka, har waɗanda ba su shiga albam ba, zai ba da su a filashi da girmansu na asali. Kada ka karɓa ta WhatsApp yadda aka saba turawa, domin matse hoto yake yi, ya yi kyau a waya, in an zo wankewa babba sai ya watse. In ka karɓa ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a gidan amarya ɗaya a gidan iyayenta. Shi kuma albam a nisanta shi da bango mai raɓa da ƙasan akwati. Daminar Badun doguwa ce, na ga hotunan da suka manne da juna suka yi fumfuna, aka zo rabawa fuska ta bi ɗaya shafin.

Namu laifin

Ba zan rufe ba sai na juyo kanmu. Yaron farko ya yi kuskure, amma wa ya sake masa? Mu ne. Mun zauna mun tattauna shinkafa buhu nawa, rumfa nawa, anko wane launi, amma maganar wanda zai shiga tsakiyar iyalinmu da kyamara mun bar wa samari 'yan shekara 25. Su kuma abin da suke gani a waya shi suka saya. Ni da nake wannan dogon rubutu, ina zaune kusa da Baffa ranar, gwiwata tana taɓa tasa. Da na ɗaga hannu na ce yaro zo ka ɗauki tsohon nan, da an gama. Ban yi ba.

Kuma muna cutar masu sana'ar. Mutum zai tsaya tun safe har dare, ba wanda ya ce ga ruwa. In ya saita zai ɗauki miƙa sadaki, sai wayoyi 20 su tashi a gabansa. Mu taya aikinsa kamar muna taya tumatirin yamma a Sasa, alhali kyamara da gilashinta da fitila duk da dala ake shigo da su, 'yan canjinmu na bakin titi sun fi kowa sanin abin da wannan yake nufi. Bayan yinin biki kuma akwai kwanakin da zai zauna yana tacewa yana gyarawa, waɗanda ba ma gani. In ya kawo aiki sai a fara yi masa gobe-jibi da cikonsa. Wannan zalunci ne, ko da rawani aka yi shi. Araha ba ta ado, tsada kuma ba ita ce shaidar iyawa ba, albam biyun nan sun nuna haka.

Ga kuma kira ga iyaye. Wannan sana'a ce, ana ci ana sha da ita. Muna kuka baƙin maza suna shiga wajen matanmu, to me ya hana 'ya'yanmu mata su koya? Yarinyar da ta iya kyamara a Sabo ba za ta rasa aiki ba, daga biki sai suna sai walimar sauka, kuma cikin mata 'yan uwanta za ta yi. Ƙanwar yaron nan, an ce mini, har an fara layi a kanta.

Bayan Babbar Salla akwai aure huɗu da na sani a layinmu kaɗai. Kowane gida a cikinsu akwai tsoho ko tsohuwa. Ku rubuta sunansu a saman takardar.

Allah Ya jiƙan Baffa da dukkan magabatanmu. Allah Ya ba amaren bana zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya sa albarka a sana'ar kowa.